Binciken Asalin Gidan Mista Lam

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bayan sallar la'asar, wannan ya ce yaya sanyin, wancan ya ce da gaske ne surukan naku kwaɗi suke ci. Na gaji da ba da labarin a gutsure, kowa ya tafi ya ƙara masa nasa, shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru. Wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takarda.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, aike na aka yi. Kabiru, ɗan yayana Inuwa, yana karatu mai zurfi a wani gari da ake kira Greensboro. Rannan ya bugo waya ya ce ya sami matar aure, sunanta Helen Lam, kuma Basiniya ce. Yaya Inuwa shekara biyu ke nan ƙafa ta kwantar da shi. Ya sa aka kira ni, ya ce, "Ɗanlami, kai ka yi boko, kuma ka je ƙasarsu saro kaya, ka san halinsu. Ka je ka binciko mini asalin yarinyar nan. In ka ce a ɗaura, a ɗaura. In ka ce a'a, magana ta ƙare."

Gara in faɗi gaskiya tun daga nan: Yaya bai zaɓi mai adalci ba. Na yi shekara goma sha tara a wata masaƙa a Kaduna, ina kula da sashen rini. Da atamfar Caina ta cika kasuwa aka rufe masaƙar, aka sallame mu. Na koma Kano sayar da yadi, har na je Guangzhou sau uku. A zuwa na ƙarshe aka nuna mini samfuri mai kauri, aka aiko mini da wanda ake hango rana ta cikinsa. Da wannan zuciyar na hau jirgi.

Hanya ba ta da wani labari sai zama. Daga Abuja muka kwana a sama, muka sauya jirgi a Turai, muka sake wani dogon zaman har ƙafafuna suka kumbura. Labari ya fara ne a layin masu duba fasfo. Da aka zo kaina na ɗaga ido, sai ga jami'in da fuskar Sinawa, sanye da kayan gwamnatin Amurka. Na ce a raina, har nan ma sun riga mu.

Ya tambaye ni wurin wa na zo. Na ce wurin ɗana. Ya duba takardar gayyata, ya duba fasfo, ya ce sunayen ba su yi daidai ba. Na ce ai ɗan yayana ne. Ya ce, "To ɗanka ne ko ba ɗanka ba?" Na fara yi masa bayanin cewa a wurinmu ɗan wa ɗa ne, sai na ga bayanin yana ƙara dagula lamarin. Aka kai ni wani ɗaki, wani jami'in ya yi ta maimaita tambaya ɗaya ta fuska uku: sunan uban Kabiru, sunan uwarsa, mu nawa ne a wurin mahaifinmu. Na fi awa guda a nan. Aka sake ni, amma kilishin da na ɗauko wa Kabiru ya tafi kwandon shara. Kuka da daddawa suka tsira.

Ƙaramin jirgi ya ƙarasa da ni Greensboro. Kabiru ya tarye ni, ya yi ƙiba, ya tara gemu. Da yake ɗakinsa ɗaya ne, sai ya sauke ni a gidan Alhaji Mamman, wani dattijo mutumin Maraɗi da ya daɗe a can yana tuƙa babbar mota. Gidan yana wajen gari, wani wuri McLeansville, gida nan, gida can, tsakaninsu gonaki da itatuwa. Kwana biyu ban ga maƙwabci ba sai motarsa. A rana ta uku na ce bari in taka in nemi shagon da zan sayi reza. Na yi tafiyar kusan awa a gefen kwalta, ba shago, ba mutum. Wata baturiya ta tsayar da mota ta ce lafiya, ko in shigo ta kai ni. Na ce mata na gode, na ja da baya cikin ciyawa har ta tafi. Da na ba da labari a gida, Hajiya Rabi matar Alhaji Mamman ta yi dariya har ta ajiye muciya. Ta ce a nan wanda aka gani yana tafiya a ƙasa, ko motarsa ta lalace ko hankalinsa.

A gidan na ci tuwon masara da miyar kuka kamar ban bar gida ba. Abin da ya dame ni kawai 'ya'yansu: ka yi musu Hausa, su ji sarai, su mayar maka da Turanci.

Na tambayi Alhaji Mamman me ya sani game da gidan su yarinyar.

Ya ce, da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, Alhaji, mutanen nan ba su shiga harkar kowa. Uban tsoho ne, matar ta rasu. Yarinyar dai ta zo nan sau da yawa, har wanke-wanke ta yi ma Hajiya."

Na ce, "Mai neman shiga gida ai dole ta yi wanke-wanke."

Washegari Kabiru ya kawo ta. Doguwa ce ba can ba, ta yafa gyale, aikinta koya wa waɗanda suka karye ko suka shanye tafiya a asibiti. Ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Baffa. Ya gajiyar hanya?" Na amsa, amma na kalli Kabiru, don na san wanda ya biya mata. Ta tambayi ƙafar Yaya Inuwa, wace ce, tun yaushe, yana iya ɗaga yatsu ko a'a. Na ba ta amsa a taƙaice. Kafin su tafi ta ce mahaifinta yana gayyata ta cin abinci ranar Asabar da rana.

Gidansu yana Sedgefield, kusa da wani fili mai ciyawa a aske inda tsofaffi ke buga ƙaramar ƙwallo da sanda. A ƙofa na ga takalma a jere, na cire nawa, na ce aƙalla wannan sun yi kama da mu. Mista Raymond Lam ya fito daga kicin da ƙyallen girki a ɗaure, tsoho mai furfura, ya haura saba'in. Shi da kansa ya yi girkin. Na miƙa masa hannu na yi masa gaisuwar da na koya a Guangzhou. Ya yi murmushi, ya ce da wani Turanci mai ja kamar na baƙaƙen fatar can, "Ka fi ni, Mista Ɗanlami. Wannan yaren ban iya shi ba. Na mahaifina daban ne, shi ma sunayen abinci kawai na riƙe."

Basine da bai iya Sinanci ba. Na ajiye wannan a raina.

Ya kawo kifi guda da kansa da jelarsa, an dafa da citta, da kaza, da ganye, da shinkafa fara. Ya nuna mini tukunyar sabuwa ce, takardar shago ma ba a ɓanɓare ba, ya ce kazar daga shagon Musulmi Helen ta sayo. Ya juya kan kifin ya fuskance ni, ya ce haka ake yi wa babban baƙo. Ba wanda ya taɓa abinci sai da na fara. Duk da haka shinkafa na fi ci, ina tona ganyen da cokali ina duba abin da ke ƙasa.

Na shiga aikin da ya kawo ni. Na ce, "Ku mutanen ina ne?"

Ya ce, "Mississippi, wata jiha a kudancin ƙasar nan."

"Ina nufin asali."

"Mississippi. A bayan shagon mahaifina aka haife ni."

"Shi mahaifin naka fa?"

"Daga wani ƙauye a kudancin Caina. Ban taɓa zuwa ba."

"Yaya sunan ƙauyen? Na san kudu, wataƙila na ratsa."

Ya kalli Helen, Helen ta kalli kwanonta. Ya ce, "Labari ne mai tsawo. Ƙara kifi."

A wurinmu mutum ko bai san komai ba ya san sunan garin ubansa. Ina cikin wannan tunanin sai shi ma ya fara nasa tambayoyin. Yaushe Kabiru zai gama karatu? In ya gama fa? Akwai wata da aka yi masa alkawari a gida? Mu nawa ne masu mata fiye da ɗaya a gidanmu? Kabiru ya buɗe baki, tsohon ya ɗaga hannu ya ce baffansa yake tambaya. Raina ya ɓaci. Ni na zo bincike, ga shi ana bincikena.

Na nemi wurin alwala. A hanyar banɗakin, a wani lungu, na ga hoton wani tsoho a kan ƙaramin tebur, an ajiye masa lemo uku a faranti, a ƙasan hoton kuma rubutun Sinanci a tsaye. Na duba ba kowa, na fito da waya na ɗauka. Da muka koma gida na tura wa Sanusi, wani Bakano da ke yi mini dillanci a Guangzhou, ya yi aure a can har yana karanta rubutunsu. Na ce ya gaya mini me aka rubuta.

Da safe na tarar da amsarsa. Ya ce sunan mamaci ne da sunan gundumarsu. Na ce sunan Lam ne ko? Ya ce a'a, babu Lam a wurin ko kaɗan, sunan gidan da aka rubuta Sito ne, ya ma nuna wa matarsa ta tabbatar.

Na zauna a bakin gado. Mutum ya ƙi faɗin garinsu, sannan sunan ubansa daban, nasa daban. Ko ɗan tsintuwa ne, ko uban ya yi wani abu ya gudo. Na nuna wa Alhaji Mamman. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Bon. Ƙasar ga, Alhaji, sunan da ke cikin fasfo ba kullum shi ne wanda aka raɗa ba. Ni ban ce komi ba. Ka tambayi mai shi."

Na kira Kabiru. Bai san da maganar ba, na ga haka a fuskarsa. Amma abin da ya fara cewa shi ne, "Baffa, hoto ka ɗauka a gidan mutane?"

Na ce, "Ubanka ya aiko ni in duba, na duba."

Ya ce in bari ya tambayi Helen. Na ce a'a, wannan maganar manya ce, ya ba ni lambar tsohon. Na buga, na ce ina son mu gana mu biyu. Ya ce shi ma yana so, zai zo ya ɗauke ni gobe da hantsi.

Ya zo da wata tsohuwar mota mai tsabta. Na shiga, amma sai da na gaya wa Hajiya Rabi lambar motar. Ya yi ta tuƙi har muka tsaya a gaban wani dogon gini na jan bulo mai manyan tagogi da dogon bututun hayaƙi. Yanzu gidajen haya ne da wuraren shan shayi. Tun kafin ya yi magana na gane ginin.

Na ce, "Wannan masaƙa ce."

Ya juyo ya kalle ni. "Ya aka yi ka sani?"

Na gaya masa shekaruna a sashen rini. Ya ce shi injiniya ne, a irin wannan ginin ya yi aikinsa duka, yana kula da injinan saƙa. Muka ɗan yi hirar zare da tururi, har na manta abin da ya kawo ni. Ya ce da aka fara rufe masaƙun garin aikin yana komawa ƙetare, ranar da aka sallame su ya fito ya tarar an rubuta a jikin motarsa da alli, ka koma gida ka sami aikin a can.

Ya ce, "Na tsaya ina tunanin wane gidan. Mutanen da muka yi shekara ashirin muna cin abincin rana tare."

Na san abin da ni ma zan iya rubutawa lokacin da aka rufe tamu masaƙar.

Muka zauna a wani benci. Ya ce, "Na gan ka ranar Asabar. Akwai madubi a ƙarshen lungun. Me aka ce maka an rubuta?"

Kunya ta kama ni, amma na dake. Na ce, "Sito."

Ya gyaɗa kai. Ya ce a zamanin da mahaifinsa yana yaro, akwai doka a Amurka da ta hana Sinawa ma'aikata shigowa. Ƙofa ɗaya ta rage: in Basine yana da takardar zama ɗan ƙasa, 'ya'yansa na iya biyo shi. Sai masu takardar suka riƙa zuwa gida su dawo su ce an haifa musu ɗa, alhali ba a haifa ba, daga baya su sayar da gurbin ga wani gidan. Ƙauyen su mahaifinsa yunwa ta ci shi. Dangi suka haɗu suka saya masa gurbin ɗan wani mutum mai suna Lam, yana da shekara goma sha biyar.

"Aka ba shi littafi ya haddace a jirgin ruwa. Sunan uwar da ba tasa ba, 'yan'uwan da bai taɓa gani ba, matakala nawa ne a ƙofar gidan, ta wane gefe rijiya take. Kafin su iso ya jefa littafin a teku. Aka tsare shi a wani tsibiri makonni, ana yi masa tambaya, ana yi wa uban ƙaryar tambaya a wani ɗakin, ana gwada amsoshin. Da ya yi kuskure ɗaya da an mayar da shi."

Na tuna awa gudan da na yi a ɗakin filin jirgi, ni da gaskiyata a hannu, yadda gumi ya jiƙa mini riga.

Ya ce daga nan aka tura yaron Mississippi, shagon kayan masarufi na wani ɗan garinsu a unguwar baƙaƙen fata. A bayan kanta yake kwana. Daga baya ya buɗe nasa, ya yi aure, aka haife su. Turawa ba su ɗauke su turawa ba, akwai lokacin da makarantunsu ma ba sa karɓar 'ya'yan Sinawa, su kuma baƙaƙe suna ganinsu masu shago. Uban ya hana su yin faɗa da kowa, ya hana su kai ƙara ko an yi musu sata. In baƙon bature ya shigo da kwat da jaka, sai ya shige ciki ya ce matarsa ta fita.

"Muna yara muna ganin matsoraci ne. In zai rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa, sai ya kira ta gwaggo, don tsoron kada a buɗe a karanta. Har ta mutu bai sake ganinta ba. Daga baya gwamnati ta ce masu irin wannan sunan su fito su faɗi gaskiya. Ya ƙi, don in ya faɗa sai ya tona wasu gidajen. Ni ban san komai ba sai da ya kwanta ciwon ajali, ya ba ni takarda ya ce ga abin da za a sassaƙa a dutsen kabarinsa. Da Turanci Lam, don gwamnati. Da Sinanci Sito, don uwarsa."

Na ce, "Me ya hana ka koma sunan?"

"Na haura arba'in a lokacin. Lam ne a takardar aurena, Lam ne a takardar haihuwar 'yata. Kuma tsoron nan ana gadonsa. Ka ga ranar Asabar ka tambaye ni sunan ƙauye, bakina ya ƙi buɗewa, alhali ba wanda zai kama ni yau."

Na tambaye shi lemon fa, bauta ce? Ya ce su coci suke zuwa tun a Mississippi. Lemon kuwa mahaifinsa yana so ne, shi ke nan, bai san wata addu'a da ake yi a kai ba. Ban gamsu gaba ɗaya ba, amma na bar shi.

Sai ya gyara zama. Ya ce, "Na ba ka nawa. Yanzu ga tawa tambayar. Yaronku 'yata yake so, ko takardar zama?"

Na so in yi fushi, na ga ba ni da wurin yi. Gaskiya ban taɓa tambayar kaina ba. Na ce ya ba ni 'yan kwanaki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ce wa Kabiru kada ya tayar da mota. Mutane suna ta wucewa, 'yan Nijar, 'yan Gana, Larabawa, kowa yana sauri ya koma aiki. Na ce, "In ka gama karatu, da wace takarda za ka zauna?"

Ya ce takardarsa tare da karatun za ta ƙare. Akwai ɗan lokaci da ake bayarwa na neman aiki, amma ba tabbas.

"Ubanka ya sani?"

"A'a."

"In ka auri yarinyar nan, an gama maganar takarda."

"Haka ne."

"To shi ya sa?"

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya ce, "Baffa, ba zan yi maka ƙarya ba. Da muka fara haɗuwa tunanin ya zo mini. Duk wanda ke nan ya ce bai taɓa zuwa masa ba, ƙarya yake. Amma yanzu shekara biyu ke nan. Lokacin da na kwanta asibiti ita ta yi jinyata, ban gaya muku ba don kada hankalin Baba ya tashi. In yau aka ce babu takarda, zan aure ta mu tafi Kano."

"Ita ta san za a iya zuwa Kano?"

"Mun yi maganar. Ta ce za ta gwada."

Na kalle shi sosai. Yaron nan ni na riƙe ragon sunansa. Na san fuskarsa in ya yi ƙarya yana ƙarami, amma yanzu akwai gemu, kuma ya yi shekaru a inda ban sani ba. Na fi karkata ga cewa gaskiya ya faɗa. Rantsuwa kuwa ba zan iya ba.

Alhaji Mamman ya ba ni shawara in je in ce wa tsohon yaronmu ba ruwansa da takarda, a wuce wurin. Ya ce ba a kai wa suruki irin wannan maganar. Na kwana biyu ina juya ta. Mutumin nan ya buɗe mini abin da ubansa ya ɓoye har bakin kabari, ni kuma in kai masa magana mai kwaskwarima. Na ga ba zan iya ba.

Na sami Mista Lam a bayan gidansa yana ɗaure wa wata kabewa mai ɗaci igiya. Na gaya masa duka: takardar za ta ƙare, tunanin ya taɓa zuwa wa yaron, ya ce yanzu ba shi ba ne, ni kuma na yarda da shi amma ban ga zuciyarsa ba.

Ya ci gaba da ɗaurinsa har ya gama. Ya ce, "Helen ta gaya mini tun bara. Shi ya gaya mata da kansa."

Na ce, "To me ya sa ka tambaye ni?"

"Ina so in ga irin gidan da za ta shiga. Mai neman takarda ba ya ba ni tsoro, ni ɗan irinsa ne, kuma ubana ya riƙe uwata da amana har ta mutu. Abin da nake tsoro gidan da za su haɗa baki su rufe ta a waje."

Ya tsinko kabewar guda biyu ya ba ni in kai wa Hajiya Rabi.

Da yamma na kira Yaya Inuwa. Na ba shi labarin sunan tun daga jirgin ruwa. Ya yi ta tambaya a kan addini. Na ce Kirista ce, na kuma tambayi limamin masallacin garin ya ce ya halatta, an yi maganar tarbiyyar yara a gabana da gaban ubanta. Ya yi gunaguni, sannan ya ce, "Kai dai ka yarda da su?"

Na ce, "Na yarda da uban, yarinyar ma ban ga aibunta ba. Namu ne zan sa wa ido."

Ya ce to a ɗaura.

An ɗaura ranar Asabar ta ƙarshe kafin in taso, bayan azahar, a ɗakin taro na masallacin. Ni ne wakilin ango. Mista Lam ya zo da kwat, ya cire takalmi, aka ba shi kujera don gwiwarsa, ya ƙi, ya zauna a ƙasa kusa da ni. Liman ya buɗe littafinsa ya tambayi sunan mai ba da aure. Tsohon ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ji. Liman ya ce ya maimaita.

Ya ce, "Raymond Sito."

Kabiru ya ɗago kai. Liman ya duba takardar gwamnati da ke gabansa, ya dube ni. Na ce masa sunan gidansu ne, ni shaida ne. Ya rubuta, sannan ya sanar da jama'a da Hausa da Turanci cewa an ɗaura auren Kabiru Inuwa da Helen, 'yar Raymond Sito. Aka shafa. Da na juya in gaisa da tsohon, sai ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce tun ranar da ubansa ya hau jirgin ruwa, yau ne aka fara kiran sunan nan a gaban taro.

Kwana uku bayan nan na kamo hanya. Helen ta ba ni takarda mai zane-zanen motsa ƙafa in kai wa Yaya, yanzu haka yana yi safe da yamma, yana mita.

Kabiru kuwa duk Juma'a nake kiransa. In ya ɗauka ba na tsayawa dogon gaisuwa da shi. Cewa nake ya ba ni Helen, kuma ya fita daga ɗakin.